Waken da ke tukunyarki: Kada mu bar jaki mu doki taiki

 

Idan kina cikin zaurukan WhatsApp na dangi ko na Islamiyya, da wuya a ce saƙon muryar nan bai iso wayarki ba. Wai an shigo mana da wake da masara da aka sauya wa halitta, waɗanda ake ce wa GMO. Wai duk wanda ya ci zai daina haihuwa, gonar da aka shuka su kuma ta mutu ke nan. Wasu matan har sun fara ja da baya daga wake. Ga shi kuwa tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwanon abinci, nama da kifi suka yi wa gidaje da yawa nisa. Wake ne ya rage yana gina jikin yaranmu, ko a ƙosai, ko a alale, ko a garau-garau. Uwar da ta cire shi daga girkinta saboda saƙon da ba ta san wanda ya naɗe shi ba, da me za ta maye gurbinsa?

Shi ya sa na ga ya dace yau mu zauna mu tsince maganar nan kamar yadda muke tsince waken kansa. Akwai gubar da aka tabbatar tana shiga waken kasuwa, ta kwantar da yara a asibiti, amma ba a kanta ake turo mana saƙo ba.

Me aka yi wa waken?

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Babbar abokiyar gabar manomin wake wata tsutsa ce da masana ke kira Maruka. Tana shiga cikin fure da kwanson wake tun yana ɗanye ta cinye, in ta yi tsanani takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Don ya tsira da wani abu, manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 kafin girbi. Feshin nan kuɗi ne, kuma sau da yawa matashin da ke goye da tankin ba shi da takunkumi, ba shi da safar hannu.

A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka yi shekaru ana gwajin wani wake da aka sanya wa ƙwayar halitta guda daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Waken yana samar da wani sinadari da ke lalata hanjin tsutsar idan ta ci. Sinadarin yana buƙatar wurin maƙalewa irin wanda ke cikin hanjin tsutsa kafin ya yi aiki, cikin ɗan Adam kuwa babu wannan wurin, narkewa yake yi kamar sauran abinci. Manoma a ƙasashe da dama sun daɗe suna fesa wannan bakteriya a kan kayan lambu tun kafin a san da GMO.

Hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan abubuwa, NBMA, wadda aka kafa a 2015, ta amince da waken a farkon 2019. Aka sa masa suna SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Waɗanda suka samar da shi sun ce feshi 2 ya wadatar da shi. A Janairun 2024 kuma aka amince da masarar TELA, wadda aka tanada don ta jure ƙarancin ruwa ta kuma kare kanta daga tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016. Duk wadda take da manomi a dangi ta san yadda damina ta koma, ta makara wajen sauka, ta ɗauke ana tsakiyar buƙata, ko ta zo da ambaliya. Wannan ce hujjar da masu goyon bayan irin suke kafawa.

Maganar hana haihuwa kuwa ba ta da tushe. A Amurka tun 1996 ake noma masara mai Bt. A Afirka ta Kudu, inda tuwon farar masara ne abincin yau da kullum kamar a gidajenmu, mafi yawan masarar da ake nomawa irin wannan ce, sun fi shekara 20 suna ci, suna kuma haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa nau'o'in da ke kasuwa sun tsallake gwajin lafiya, ba a kuma ga sun cutar da jama'a a ƙasashen da aka amince da su ba. Sai dai ta ce kowane sabon nau'i a gwada shi shi kaɗai, kada a yi musu kuɗin goro.

Tsoronmu yana da dalili

Ba na ganin laifin uwar da gabanta ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Amma ki tuna abin da ya biyo baya. A 2003 jita-jitar hana haihuwa ta sa aka dakatar da allurar shan inna a wasu jihohinmu. Cutar ta sake bazuwa har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Rufa-rufar manya ta cuce mu a karo na farko, jita-jita ta cuce mu a na biyu, kuma duka biyun a jikin yara abin ya ƙare.

Inda masu fafutuka suke da gaskiya

Akwai ƙungiyoyin kare muhalli da suka tsaya tsayin daka suna adawa da irin. Wadda ta fi fice ita ce HOMEF da ke birnin Benin, ƙarƙashin Nnimmo Bassey. Matsin lambarsu na cikin abin da ya kai maganar gaban Majalisar Wakilai, wadda a watan Mayun 2024 ta nemi gwamnati ta dakata da shigo da sababbin nau'o'i har a kammala bincike. Ban yarda da duk abin da suke faɗi ba, amma akwai tambayoyinsu da ya kamata mu riƙe.

Ta farko ita ce haƙƙinki na sanin abin da kike saye. Doka ta tanadi a rubuta a jikin kaya idan an sauya musu halitta. To a jikin me za a rubuta? Mu da kwano muke awo. A kasuwar Dawanau buhun wannan manomi da na wancan haɗuwa suke yi, kafin wake ya iso wurin mai awon unguwarku ya ratsa hannu huɗu ko biyar. Dokar da aka tsara don kwalin kanti ba ta san da kwano ba. Ko da abu ba ya cutarwa, uwar da ta ce ba ta so tana da ikon a bar mata zaɓinta.

Ta biyu ita ce makomar iri. Kakanninmu sukan ware irin baɗi daga girbin bana, su ajiye a rumbu, su ba maƙwabci. Shi waken Samaru ana iya ajiye irinsa a sake shukawa. Masarar TELA kuwa haɗin aure ce, kamar sauran masarar zamani da aka daɗe ana sayarwa, in aka maimaita irinta amfanin raguwa yake yi, don haka kowace shekara sai an saya. Manomin da ya saki tsohon irinsa gaba ɗaya, ranar da sabon ya yi tsada ko bai iso da wuri ba, ya shiga uku. Ya kamata a ji wanda aka ɗora wa alhakin adana irinmu na gado.

Ta uku, ba kowane alkawarin masana ne yake cika ba. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008. Tsutsa ta ragu, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, a 2016 suka watsar da ita. A Afirka ta Kudu kuma an samu tsutsar karan masara da ta saba da sinadarin har ya daina kashe ta. Saboda haka sa hannu a takarda a Abuja bai gama aiki ba. Sai an ci gaba da bin gonaki shekara bayan shekara, a kuma fito a faɗa wa jama'a abin da aka gani da harshen da suke ji.

Waɗannan tambayoyi ne masu nauyi. Abin takaici, da zarar an cakuɗa su da ƙaryar hana haihuwa, jami'i ya samu hanyar kuɓuta. Sai ya ƙaryata ƙaryar, ya yi shiru a kan gaskiyar. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Gubar da aka tabbatar

Yanzu mu zo kan jakin da muka bari. Bayan girbi akwai wani ƙwaro daban, ɗan ƙaramin nan da ke huda wake a cikin buhu. Tun daga gona yake saka ƙwansa, cikin 'yan watanni sai ki ga buhu ya koma huji da gari. Waken Samaru bai da kariya daga wannan ƙwaro, shi ma hudawa ake yi kamar kowane wake.

Ɗan kasuwar da ya tara buhu ɗari yana jiran farashi ya tashi ba zai zuba ido jarinsa ya lalace ba. Wasu sai su ɗauko maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da kuma fiya-fiya, su yayyafa kai-tsaye a kan wake su ɗinke buhu. An yi wannan magani ne don feshin gona da wuraren ajiya, ba don a zuba a kan abin da za a dafa ba.

A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Jihar Gombe suka kwanta asibiti bayan sun ci wake, bincike ya nuna maganin ƙwari ne a ciki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Iyakar dichlorvos da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma a waken namu an samu daga 0.03 har zuwa 4.6, wato wani ya ninka iyakar sau 460. Aka yi ta sabunta haramcin shekara da shekaru. Ki tsaya ki yi tunani, wannan waken da aka zaɓa don fitarwa waje ke nan. Wanda ya rage a gida wa ya auna shi? A 2018 hoton bidiyon wasu 'yan kasuwa suna zuba Sniper a wake ya karaɗe wayoyi, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Ki duba teburin mai kayan koli a unguwarku ki ga ko dokar ta iso can.

Mu ma masu saye muna da hannu a ciki ba tare da mun sani ba. Da mun ga ƙwaro ɗaya yana tafiya a kwano sai mu wuce gaba, mu nemi wanda yake sumul. Ɗan kasuwa ya gane abin da muke so, yana kuma ba mu shi ta hanyar da ta fi masa arha.

Abin da za ki yi a gida

Idan za ki sayi wake, ki ɗebo a tafin hannu ki sansana. In kika ji wari irin na fiya-fiya ko na kananzir, ko kika ga wata hoda a jikinsa, ko matattun ƙwari birjik babu mai motsi, ki bar shi komai arharsa. Waken da kika ga ƙwaro ɗaya biyu masu rai a cikinsa ya fi kwantar da hankali, domin alama ce ba a daɗe da zuba masa magani mai ƙarfi ba. Ki shanya shi a rana, ki bakace, ki tsince.

Kafin girki ki wanke shi sosai, ki jiƙa, ki zubar da ruwan. In wake da shinkafa ne ko fate, ki bari ya yi tafasa ɗaya ki tsiyaye ruwan ki zuba sabo. Surfe wake don ƙosai ko alale shi ma yana taimakawa tunda bawon ya fita. Duk wannan rage maganin yake yi, ba ya kawar da shi duka, don haka waken da ke wari ba wankin da zai gyara shi.

Idan kina saye da yawa lokacin kaka, ba ki buƙatar magani ko kaɗan. Ƙwaron nan numfashi yake yi, in aka toshe masa iska mutuwa zai yi. Ki busar da waken ƙarau, ki samu jarka mai murfi mai kyau wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, ki cika ta har wuya, ki rufe gam, ki bar ta kamar wata 2 ba buɗewa. Wanda za ki riƙa ɗiba kullum ki ware shi daban. In wuta na tsayawa a wurinku, kwana 4 a cikin firiza yana kashe ƙwaron da ƙwansa. Ga mai buhu kuma akwai buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru ne suka faro dabarar, tun 2007 ake yaɗa ta a ƙasashenmu, ana samun buhun a wurin masu sayar da kayan noma. Yana riƙe wake watanni ba tare da ɗigon magani ba, ana kuma sake amfani da shi muddin bai huje ba.

Akwai kuma ƙwayar nan da wasu ke jefawa cikin buhu, mai fitar da iska mai guba. Kada ki yarda a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da ake kwana ko kusa da shi. Iskar tana kisa.

Allah Ya kiyaye, idan yaro ya ci abinci ko ya taɓa kwalbar magani, sai kika ga yana dalalar da yawu, gumi na karyo masa, yana amai da gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi na sarƙewa ko jikinsa na karkarwa, ki garzaya da shi asibiti nan take. Kada ki tsaya ba shi manja ko madara, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin na iya wucewa huhunsa. Ki cire masa tufafin da maganin ya taɓa, ki tafi da kwalbar ko ragowar abincin likita ya gani. Akwai allurar da ke karya wannan guba, amma tana son a zo da wuri.

Muryarki fa?

Gyaran gida kaɗai ba zai isa ba, tunda yaranki suna cin ƙosan bakin titi da abincin makaranta. A nan ne muke buƙatar irin naci na masu fafutukar muhalli, mu juya shi inda zai yi amfani.

Ki fara da mai awon da kika saba da shi. Ki tambaye shi, Malam, da me aka adana waken nan? In mata goma suka yi masa wannan tambaya a mako guda, shi ma zai yi wa dillalinsa. Ki nuna masa kin fi son na buhun leda ko da da ɗan ƙari a kai. Idan ɗanki ko 'yarki na makarantar kwana, ki tayar da maganar a taron iyaye da malamai: wa ke kawo wake, ina ake ajiye shi, da me? Ƙungiyarku ta mata, ko ta Islamiyya ce ko ta adashi, tana iya haɗa kuɗi ta sayi buhu lokacin kaka ta adana ba magani, a riƙa rabawa.

Idan kuma 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, ga abin da za ku ɗora musu. A riƙa ɗibar wake da masara daga manyan kasuwannin hatsi ana aunawa, a sanar da sakamakon a rediyo da Hausa. A sauƙaƙa wa manoma da 'yan kasuwa farashin buhun da ba ya buƙatar magani, tunda an ce kuɗin tallafin mai da aka cire ayyukan jama'a za a yi da su. A hukunta wanda aka kama yana zuba guba a abinci. A samo hanyar da mai saye da kwano zai san ko irin da aka sauya wa halitta ne a gabansa. A kuma adana irinmu na gado, kada a wayi gari babu shi.

Saƙon murya kuwa, kafin ki tura shi gaba ki tambayi kanki wa ya yi maganar, a ina, kuma ya faɗi sunan asibiti ko binciken da ya dogara da shi? In babu, ki bar shi ya mutu a wayarki. Addininmu ya hore mu da bin diddigin labari kafin yaɗa shi, kuma uwar da ta hana ɗanta wake saboda saƙon da kika tura, kina da kaso a cikin ramar yaron.

Ina son jin yadda kuke adana wake a garuruwanku, musamman iyayenmu da suka san dabarar toka da yashi, da waɗanda suka gwada jarka ko buhun leda. Ku rubuto a ƙasa mu ƙaru da juna. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.